Ɗan Unguwarmu Ne

Ranar sadakar bakwai ta Baffanku Sale, ina ɗaki na ji 'yar'uwarku Hadiza a tsakar gida tana ba 'ya'yanta labarin hannunsa, daidai yadda shi ya ba ku kuna ƙanana: wai mutane sun taso masa a Sabon Gari, ni kuma na ratsa taro na faɗa kansa ina cewa sai dai a kashe mu tare. Na yunƙura zan fito in gyara mata, sai na ce ba yau ba, gida cike yake da baƙi. Shekara biyu ke nan, kuma kowace rana ina samun dalilin da ya sa ba yau ba. Shi ya sa na zaɓi takarda, don ita ba ta kallon mutum a ido. Ina iya kuskure a ƙananan abubuwa, kamar launin riga ko wanda ya fara magana, amma babban abin ban manta ba.

Kun san mu mahauta ne, ko da yake ban cika faɗa muku da bakina ba. Kakanku a kwata ya tsufa, kuma Yaya Sale, wanda ya girme ni da shekara shida, shi ya gaji wuƙarsa. Ni kaɗai aka saki na yi boko har jami'a, na karanta Turanci. A can, in aka tambaye ni sana'ar mahaifina sai in ce ɗan kasuwa ne. Ba ƙarya ba ce, nama ai sayar da shi ake yi. Tun a lokacin na ƙware a irin wannan magana, wadda alƙali ba zai kama ka da ita ba amma kai ka san abin da ka yi.

Shekarar da nake son ba ku labari ita ce wadda na dawo daga bautar ƙasa ina zaman jiran aiki a gidanmu na Fagge. Yaya Sale yana fita kwata da asuba, kafin azahar ya gama, ya yi wanka da sabulun salo har sau biyu, sannan bayan la'asar ya jawo ni ɗakinsa na soro, inda ya ajiye talabijin da bidiyo. Kaset ɗin yana karɓowa haya a shagon abokinsa Emeka, Ibo ne haifaffen Sabon Gari, wanda in yana Hausa a bayan labule ba za ka ce ba Bakano ba ne. Yaya ba ya jin Turanci, ni nake fassara masa. Ya kalli na faɗa, ya kalli na Indiya, duk ba su riƙe shi ba, sai da Emeka ya ba shi wani tsohon fim na ban tsoro mai kashi bakwai. Sunansa na Turanci bai taɓa zama a bakin Yaya ba, a gidanmu Mutumin Ƙanƙara ake ce masa.

Labarin ba shi da wuya. Wani lebura ne a kamfanin ƙanƙara aka rufe shi cikin ɗakin sanyi bisa kuskure, ana gobe hutu. Ya yi ta buga ƙofa, bugu uku-uku. Abokan aikinsa biyar sun ji, kowa ya ce wani zai buɗe, suka tafi gida. Akwai amininsa a cikinsu, wanda har ya ɗora hannu a kan mariƙin ƙofar, sai ya tuna dokar kamfani ta ce mai ajiyar makulli kaɗai ke buɗe wannan ɗaki, ya tsaya yana tunani, ya sauke hannu. Daga nan mamacin yake dawowa, kashi bayan kashi, yana bin waɗanda suka ji bugun da zuri'arsu. Duk inda ya taɓa a jikin mutum sai ya daskare ya fashe kamar tangaran, kuma jini ba ya fita sai can da rana ta ɗaga, naman ya narke, iyalan mamacin suna tsaye a kansa.

Ni nakan ce labarin nake bi, kuma akwai gaskiya a ciki. Ban taɓa ganin masu fim da haƙuri irin nasu ba: sai a yi rabin sa'a ba a taɓa kowa ba, mutane suna cin abinci, suna gardamar banza, sannan ka ji bugu uku a ƙofar da ka san ba kowa a bayanta. Amma tunda na ce zan faɗi gaskiya, jinin ma ina so. Ina rufe ido da tafin hannu ina leƙe ta tsakanin yatsu. Yaya kuwa matsowa yake yi har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya ce in mayar da kaset baya.

"Mayar, Malam Digiri, mayar. Ka ga kitsen nan rawaya-rawaya a ƙarƙashin fata? Wallahi haka yake. Ka ga inda hannun ya rabu? A gaɓa ya rabu, ba a tsakiyar ƙashi ba. Wanda ya yi fim ɗin nan ya taɓa riƙe wuƙa, ko ubansa ya riƙe."

Gaɓa ita ce abin alfaharinsa. A kwata an san Sale ba ya sara sau biyu a wuri ɗaya. Yakan shafa da babban yatsa, ya sami inda ƙashi biyu suka haɗu, ya sa wuƙa sau ɗaya, cinya ta rabu kamar da ma jira take. Don haka da muka zo kashi na huɗu, inda da alama wasu ne suka karɓi aikin, jini yana feshi har rufin ɗaki, sai ya tashi ya kashe talabijin.

"Wannan marina ce, ba fim ba. Ko bijimi ba shi da jinin da suka zubar wa yarinyar nan. Kuma naman da ya daskare yana feshi? Emeka ya dawo mini da kuɗina."

Inna tana daga zaure tana tsintar shinkafa, ta ce, "Kai dai Sale Allah ya shirye ka. Ka wuni cikin jini, ka dawo gida kuma ka yi hayar na kallo."

"Inna, na kwata ba ya zuwa da labari."

Abu ɗaya muka yi ta gardama a kai har kashi na shida. Aminin nan da ya sauke hannu, mamacin bai taɓa shi ba. An kashe sauran huɗun, an bi 'ya'yansu, shi yana nan yana tsufa daga kashi zuwa kashi, yana ta halartar jana'iza. Na ce wa Yaya wannan rauni ne a labarin, ko dai masu fim ɗin sun manta da shi, ko kuma suna nufin ba shi da laifi, tunda ta wata fuskar doka ya bi.

"Ta wata fuskar," in ji Yaya, yana kwaikwayon muryata. "Digirin nan naka na fuska nawa ne? Kai, me ya sa aka hana yanka dabba a gaban 'yar'uwarta?"

Na ce saboda tausayi.

"To. Wadda aka yanka ta huta. Wadda ke tsaye tana kallo ita ake yi wa azaba. Mutumin nan shi ne fim ɗin gaba ɗaya, sauran duk nama ne."

Kashi na bakwai ba mu samu ba a lokacin, wani ya karɓa a wurin Emeka bai dawo da shi ba.

A wannan shekarar ne wasu samari masu shirya fim ɗin Hausa suka ji labarin Yaya a bakin Emeka. Suna son su nuna an sare kan wani azzalumi, kuma jan fentin da suke amfani da shi yara ma dariya suke yi masa. Yaya ya karɓi aikin kamar an ba shi sarauta. Ya ƙi jinin gaske, ya ce najasa ce, 'yan wasa za su yi salla, ga wari ga ƙuda. Sai ya koma kan zoɓo. Ya mamaye murhun Inna kwana huɗu yana dafawa yana kaurara shi da sitaci. Shi ya gano cewa in ka matsa lemon tsami sai ya yi ja wur kamar na sabon yanka, in ka jefa 'yar kanwa sai ya yi duhu kamar wanda ya kwana. Kan kuma da kabewa ya yi shi. Ya sassaƙa ta da ƙaramar wuƙarsa ta fiɗa, ya lulluɓe da fatar akuya da ya kankare har ta yi laushi, ya manna gashin da ya roƙo wurin mai aski, ya sa idanun rago na gaske. Da ya buɗe mini shi a soro sai da na yi salati na ja da baya. Ban taɓa ganinsa da farin ciki irin na ranar ba.

A satin ne kuma takardar ɗaukata aiki ta fito, a wata ma'aikatar gwamnati, bayan wata goma sha huɗu ina jira. An ce in kawo hotuna da takardar shaidar cewa ban taɓa shiga hannun hukuma ba. Ranar Talata da hantsi Yaya ya ce in hau bayan babur ɗinsa, ya sauke ni wurin mai hoto a Sabon Gari, shi kuma ya wuce ya nuna wa Emeka kan kafin ya kai wa 'yan fim. Ya sa kan a buhu, ya riga ya shafe wuyan da zoɓo mai duhu don Emeka ya gan shi da kyau, ga galan ɗin sauran zoɓon a rataye. Na sa farar riga da wandon da na ajiye don ranar fara aiki, takardata tana cikin ambulan a hannuna. Na tuna na ce masa ko a ƙara nannaɗe buhun da leda. Ya ce tsorona ya yi yawa.

Ya sauke ni a bakin wani layi mai cunkoso, shagon Emeka bai fi taku ɗari daga nan ba. Ban kai ga ƙofar mai hoto ba na ji ƙara. Wani mai kura ya gogi Yaya, babur ya kwanta, igiya ta tsinke, kan ya gangaro daga buhu ya tsaya a gaban tiren wata mai sayar da lemo, idanun ragon suna kallon sama. Matar ta kwarma ihu. A watannin nan ana ta jita-jitar masu yankan kai, kowa yana da labarin ɗan maƙwabcin wani da ya ɓata. Kafin Yaya ya miƙe an kewaye shi. Da aka finciki rigarsa aka ga wuƙar fiɗa a ƙugunsa, wadda ba ya rabuwa da ita, magana ta ƙare.

Ina jin muryarsa yana cewa kabewa ce, a taɓa a gani. Ba wanda ya yarda ya taɓa. Sai ya hango ni ta tsakanin ƙafafun mutane.

"Ga ƙanena can! Mai farar riga! Ɗan boko ne, ku tambaye shi, zai yi muku bayani!"

Wani ƙato mai ɗaurin ɗankwali a ka, da katako a hannunsa, ya juyo ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Malam, ka san shi?"

Ban san tsawon lokacin da na yi shiru ba. A ƙidayar agogo wataƙila bai kai numfashi uku ba. Amma na san abin da ya wuce ta kaina, don ina da shekaru ina bitarsa. Na ga an haɗa ni da shi an doke. Na ga an kai mu ofishin 'yan sanda an rubuta sunana, takardar shaidar ta gagara, wata goma sha huɗu sun tashi a banza. Har na ce wa kaina, in na tsira ai na fi amfani gare shi, zan je in kira hukuma. Kowane tunani da hujjarsa, kuma har yau in aka ba ni alli zan iya kare kowanne a allo. Sai na ji bakina yana cewa:

"Ɗan unguwarmu ne."

Na ƙara da cewa ina ganin a bi a hankali, kada a yanke hukunci da gaggawa. Mutumin bai tsaya jin wannan ba. Ya juya, ya ɗaga katakon. Yaya ya kare kansa da hannun dama.

Ko gudu ban yi zuwa shagon Emeka ba. Emeka da kansa ya ji hayaniya ya fito, da silifa ɗaya a ƙafa. Ya ratsa mutane yana zagi da Hausa da Ibo, ya sha duka biyu a baya bai waiwaya ba, ya je ya ɗaga ƙafa ya taka kan nan da dukan ƙarfinsa. Kabewa ta fashe, 'ya'yanta suka watsu a kwalta. Ya ɗauki galan ya kafa kai ya sha, zoɓo yana bin gemunsa.

"Ga jinin nan na sha, 'yan iska! Zoɓo ne, ko sukari babu! Wa ya doke shi? Wane ɗan banza ne ya doke shi?"

Sai wani ya yi dariya, dariya ta bazu. Mai lemo ta ce ita da ma ta ga kamar ba mutum ba. Cikin minti biyu layin ya koma kasuwa, mai katako ya ɓace, ba wanda ya doki kowa. A lokacin ne na matso. Na tsuguna na riƙe kafaɗar Yaya, kuma na lura, Allah ya yafe mini, ina karkata jiki don kada rigata ta ɓaci. Shi kuwa yana kallon wuyan hannunsa, inda ƙashi ya huda fata, jini na gaske yana gangarowa kan na zoɓo. Ya ce wa Emeka, a hankali, "Ka gani? Nawa na lemon tsami ya yi daidai."

Ƙashin ya haɗu, jijiyar ce ba ta dawo ba. Yatsu uku suka lanƙwashe kamar yadda kuka san su. Da muka dawo daga asibiti, Baba yana zaune a zaure, Inna tana tsaye a bayansa, ya tambayi yadda aka yi. Na buɗe baki, ban san abin da zai fito ba, sai Yaya ya riga ni. Ya ce Emeka ya fasa kabewar, amma kafin ya iso, ƙanensa ne ya faɗa kansa ya tare duka. Inna ta fashe da kuka, ta kama kaina da hannu biyu.

"Ɗan'uwa rabin jiki. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu tare maka."

Na ce amin. Baba ya dubi farar rigata, wadda ko ƙura ba ta yi ba sosai, ya dube ni, bai taɓa tayar da maganar ba har ya rasu. Ranar Litinin na fara aiki.

Mahauci da ba ya riƙe wuƙa, ku da kanku kun ga abin da ya zama. Mutumin da ake kira daga wata rumfa ya zo ya raba gaɓa ya koma mai wanke tumbi da hannu ɗaya, yaran da ya koya wa fiɗa suna aikensa. 'Yan fim ba su sake nemansa ba, na ji sun koma jan fenti. Ya sayar da bidiyon. Kun ga ina kai masa buhun shinkafa, kun ga na riƙe karatun 'ya'yansa, har kuna ba abokanku misali da zumuncinmu. Ban ce babu ƙauna a ciki ba, akwai. Amma mutum ya san bambancin kyauta da abin da yake turawa ta ƙarƙashin ƙofa don kada ya buɗe ta. Emeka ya san komai, yana wurin aka tambaye ni ko ya ji daga baya, ban taɓa tambayarsa ba. Shekara ashirin da wani abu yana gaishe ni da ladabi, bai taɓa cin abinci a gidana ba. Yana nan da ransa, ya daina kaset ya koma kayan waya. Ku je ku gaishe shi, ku kira shi Baba. Addu'ar da Inna ta yi mini tasa ce.

Wata biyu kafin Yaya ya rasu, ciwon ƙoda ya riga ya kwantar da shi, Emeka ya zo dubiya da rana ya ce ya samo kashi na bakwai, ya saka a waya. Yaya ya yi murmushi, ya ce a jingina shi da filo.

"Malam Digiri, zo ka yi aikinka. Ko Turancin ya tsufa?"

Na zauna a bakin katifa ina riƙe da wayar, ina fassarawa kamar da. Ya yi ƙorafin jinin, ya ce kamar ruwan fenti ne, ba shi da nauyi. Ya yaba wani wuri da haƙarƙari ya buɗe yadda ya kamata. A ƙarshen fim ɗin, aminin nan, ya zama tsoho tukuf, ya koma kangon kamfanin shi kaɗai da rana tsaka. Ya ɗora hannu a kan mariƙin da ya yi tsatsa, ya buɗe. Babu kowa a ciki, ko sanyi babu. Ya tsaya yana jira a zo a kashe shi, ba wanda ya zo. Aka rubuta sunayen 'yan wasa.

"Ka gani?" in ji Yaya. "Na ce maka ba mantawa suka yi ba."

Emeka ya tashi ya ce zai duba motarsa. Muka rage mu biyu. Na ce a raina in ban faɗa yau ba, ba zan faɗa ba. Na ce, "Yaya, ranar nan, a Sabon Gari, akwai abin da nake ganin ya kamata, wato ta wata..."

Ya ɗaga hannun nan mai lanƙwasassun yatsu ya nuna kofi a kan tebur.

"Ɗan unguwa, miƙo mini ruwa."

Sau ɗaya ya faɗa, a duk tsawon shekarun. Fuskarsa ba fushi, ina jin ma da ɗan murmushi, ko da yake ba zan rantse ba. Na miƙa masa, na tallafi kansa ya sha, ya ce Alhamdu lillahi, ya juya bango. Na sha zama ina auna maganar, wani lokaci in ce yafiya ce ya yi mini da wasa, irin nasa, wani lokaci in ce ba haka ba ne. Ban sani ba, kuma wanda zan tambaya ya tafi. Abin da na sani shi ne Baffanku mahauci ne. Ya shafa ya sami gaɓar, kuma bai taɓa sara sau biyu ba.